Wa Ya Ce Mu Yi Wa Voulet Kuka?

A lise an karantar da mu wasan Aimé Césaire na 1963 kan Sarki Christophe na Haiti, aka ce mu tausaya mashi: babban mutum ne, girman kai ya kada shi, har ya harbe kansa a 1820. To ni dai ban tausaya ba. Talakawan da sunka yi ta jidar dutse zuwa bisa tsauni don gina mashi ganuwa hwa? Césaire ya ba su baki cikin wasan, darasin ne ke tsallake su.

Wannan karatu na da haɗari, ƴan uwa, balle gare mu ƴan Ƙwanni, don da irinsa ake wanke Kyaftin Voulet. Wai girman kai ya haukata shi: ya sa aka harbe Kanar Klobb, ya ce ya bar Faransa, shi yanzu sarkin baƙaƙe ne, sojojinsa sunka kashe shi a Maijirgi cikin Yulin 1899. Kun gani, har ya fara kama da jarumin wasa! Amma a watan Mayu, sa'ad da ya karkashe mutanen Birnin Ƙwanni, ba wanda ya ce da shi mahaukaci. Da tutar Faransa ya zo, gwamnati ta aiko shi.

In za mu hau dandali bana, matar da ta tsere daji da goyo za mu sa tsakiya. Voulet a ji muryarsa daga bayan labule, ya isa.