Gubar da Muke Saye da Kuɗinmu

Mutumin da ya taso daga Kano ko Maraɗi zai sha wuya a Agadas da Arlit da Assamaka kafin ya ga Tamanrasset, amma man bilicin yakan iso lafiya lau cikin jaka, a ƙarƙashin atamfa da yaji. Ba mai tambayarsa takarda. Mu ne muke kawo shi, mu ne muke sayarwa a ɗakunanmu na Gataa el Oued da Tahaggart, matanmu da 'ya'yanmu ne kuma suke shafawa. Har a cikin masu zuwa sujada ran Lahadi ana ganin aikinsa: fuska ja, gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin, wuya kamar an babbake. Kowa yana gani, kowa ya yi shiru, wai kada a ɓata zumunci.

Bari mu buɗe kwalbar mu ga abin da ke ciki. Abubuwa uku ne aka fi samu. Na fari shi ne haidirokwinon, wanda yake hana fata yin melanin, wato abin da yake ba ta launinta, yake kuma kare ta daga rana. In an daɗe ana shafa shi, fatar da aka so ta yi haske takan koma baƙa mai shuɗi-shuɗi a kumatu da goshi, tabon da ba ya fita da sauƙi. Tarayyar Turai ta hana sa shi a kayan kwalliya tun 2001. Na biyu shi ne maganin da likitoci ke kira sitiroyid, irin su kulobetasol. Magani ne na gaske, ana ba mai ciwon fata ya shafa na 'yan makonni kaɗan a wurin ciwon kawai. Mu kuwa muna kwaɓa shi da mai, a shafe jiki duka safe da yamma, shekara da shekaru. Fata ta yi sirara har jijiyoyi su bayyana, nanƙarwa ta fito, rauni ya ƙi warkewa. Yakan shiga jini ya kawo hawan jini da ciwon sukari. Ranar da haihuwa ta zo da gardama aka yi wa mace tiyata, irin wannan fata ce za a ɗinka.

Na uku ya fi su mugunta, shi ne zaiba. Tana ratsa fata ta lalata ƙoda da jijiyoyi, tana kai wa ɗan da ke ciki, tana shiga nono. Ba mai shafawa kaɗai take kamawa ba, gama takan zauna a tawul da zanen gado, miji da yara su ɗauka. A garin Minamata na ƙasar Japan, inda aka gane cutar a 1956, zaibar da wata masana'anta ta zuba a teku ta bi kifi ta shiga mutane, aka haifi yara da nakasa. Da sunan garin aka ƙulla yarjejeniyar duniya a 2013, Nijeriya da Nijar suka sa hannu. A 2023 ƙasashen suka yarda a daina yin kowane kayan kwalliya mai zaiba da fataucinsa daga 2025. To, wa zai auna abin da aka kwaɓa a roba, marar suna, marar takarda, wanda mai haɗawar kanta ba ta san nauyin abin da ta zuba ba?

Ga kuma abin da ya shafe mu musamman a nan. Garin nan yana kan tudu ne a gindin duwatsun Hoggar, wajen mita 1,400 bisa teku, rana kuwa ba ta da mayafi yawancin shekara. Dubi Buzaye, 'yan ƙasa: namiji ya naɗe fuskarsa, mace ta lulluɓe jikinta, sun san ranar ƙasarsu. Mu baƙi da Allah ya ba mu garkuwa a jikin fatarmu, mu ne muke biyan dinari domin a kankare mana ita, sa'an nan mu fita aikin wanki da talla da tsakar rana.

Na san amsar da ake bayarwa, ba kuwa zan raina ta ba. Ana cewa baƙin mutum ba shi da daraja a nan, yaro ƙarami ma sai ya bi ka da "kahlush", mai ɗan haske kuwa ya fi samun aikin gida. Renin gaskiya ne, dukanmu mun ɗanɗana. Amma mai yana canza fuska ne kawai. Bai canza harshe ba, bai ba kowa takardar zama ba. Motocin da suke sauke mutane a dajin da ake kira Fuwan Zero, su taka kilomita 15 zuwa Assamaka, sun kwashi masu haske da marasa haske.

Ba kuwa a Aljeriya muka koyi wannan abu ba, daga gida muka zo da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoto a 2011 cewa mata 77 cikin 100 a Nijeriya suna amfani da man hasken fata. Kwaddibuwa ta hana shi a 2015, Gana ta hana mai haidirokwinon a 2016, hukumar NAFDAC ta ce abin ya kai matsayin ta-ɓaci a 2023. A 2025 BBC ta ba da labarin wata uwa a Kano da ta shafa wa 'ya'yanta shida har suka ƙone, don kakarsu ta fi son jikokinta masu haske. Wannan kaka ba Balarabiya ba ce.

Saboda haka maganata ta fi nauyi a kan maza da iyaye. Saurayin da ke cewa shi sai fara, mijin da ke yaba maƙwabciya a gaban matarsa, surukar da ke leƙa kunnen jariri ran suna don ta ga ko zai yi duhu, su ne suka buɗe kasuwar. Mace ta bi abin da ta ga ana so, sa'an nan a yi mata dariya a bayan ido. Muna koya wa yara a ajin baftisma cewa Allah ne ya yi su, aikinsa kuwa nagari ne. Su koma gida su tarar ana kwaɓa musu mai don gyara aikin. Wanne za su gaskata?

'Yar'uwa da ta daɗe tana shafa mai sitiroyid, kada ki yanke dare ɗaya, gama fata za ta yi zafi ta feso da ƙuraje, jiki ma yakan raunana. Je ki wurin likita da kwalbar a hannu, ya rage miki a hankali. Launinki zai dawo, da farko ma har ya fi dā duhu; man kaɗe da inuwa su ne abokanki a watannin nan. Zumuntar mata ta tsaya da irin waɗannan, a bar yi musu ba'a. Ɗan'uwa ko 'yar'uwa mai sayarwa kuma, dattawan ikkilisiya su kira su su zauna da su, a taimake su da jari su koma sayar da wani abu, amma kada a ƙara kawo kwalaben nan ƙofar ɗakin sujada bayan an tashi.