Gurbin da Aresibo ta bari har yanzu ba a cike shi ba

A ranar 1 ga Disamba, 2020, na'urar binciken sararin samaniya ta Aresibo da ke tsibirin Puwato Riko ta rushe. A 2022 Amurka ta sanar cewa ba za ta sake gina ta ba.

Asarar ta wuce faranti mai faɗin mita 305. Galibin irin waɗannan na'urori saurare kawai suke yi. Aresibo kuwa takan harba igiyar rediyo, ta jira amsa-kuwwa ta dawo. Da haka ta leƙa ƙarƙashin gajimaren da ya lulluɓe Zara matar wata, kuma da haka take auna nisa da hanyar duwatsun da ke giftawa kusa da duniya.

FAST ta Sin ta fi ta girma, amma ba ta harbawa. Nauyin ya koma kan Goldstone ta Kalifoniya, mai farantin mita 70, wadda ba ta kai Aresibo ƙarfi ba. Awonta na 2021 ya nuna dutsen Afofis ba zai faɗo wa duniya cikin shekara 100 ba. Ranar 13 ga Afrilu, 2029, zai gifta a tazarar kilomita kusan 32,000.