Banza ba ta kai zomo kasuwa

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa auna gero a Kasuwar Dole ta Damagaram ya san sirrin gyara: ɗan abin da ake ƙara wa mai saye bisan tiya, tun da fari an sa kuɗinsa cikin farashi. To, me ya sa wannan ɗan kasuwar, da zarar ya ga an rubuta "kyauta" a salularsa, sai wayonsa ya gudu?

Masu talla a intanet sun daɗe da gane wannan rauni. A wani bincike da aka buga a Amurka a 2007, an ajiye cakulan mai daraja a kan santi 15, da marar daraja a kan santi 1. Mafi yawan mutane suka zaɓi mai daraja. Da aka rage santi guda ga kowane, marar darajar ya koma kyauta, sai jama'a suka yi masa caa. Ratar kuɗin ba ta canza ba, hankali ne ya gushe.

Mai sauke manhaja ba da ko dala ba yana biya da lambar wayarsa, da sunayen abokan cinikinsa, da labarin inda ya kwana. Fiye da kashi 95 cikin 100 na kuɗin shigar kamfanin da ke da Facebook daga talla suke fitowa. Hajar da ake sayarwa kuwa ita ce idon mai kallo. A 2016 Indiya ta hana shirin Free Basics na wannan kamfani, duk da cewa kyauta aka kira shi. A Disamban shekarar, MMM, mai alkawarin ribar kashi 30 a wata, ta rufe asusun ɗimbin mutane a makwabciyarmu Nijeriya.

Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutane a 2017, da ta yaƙi da laifukan intanet a 2019. An ga yadda ta biyun ta kai ƴan jarida gaban alƙali. Ma'aikacin da aka yaudara da saƙon "ka ci kyauta" aka kwashe masa albashi fa, wa ya bi masa kadi?

Wajibi ne hukuma ta tilasta wa kowane mai talla ya bayyana, da Hausa da Zabarmanci, abin da yake karɓa a madadin kyautarsa. Kafin nan, kowa ya tambayi mai kyauta abin da zai tambayi dillali: nawa ne la'adarka?