In ƙuri'a ta haɗa ka da giwa a Football Manager

Duk mai buga Football Manager a hostal ya san wannan lokacin. Ka ɗauki ƙaramar ƙungiya kana ta fama da ita, sai a fitar da ƙuri'ar zagaye na uku na kofin FA, zagayen da ƙungiyoyin Firimiya ke shigowa a watan Janairu, ka ga sunanka kusa da na wata giwa. Ni abin ya same ni a samistar da ta wuce. Notts County nake riƙe da ita a League Two, mataki na huɗu a Ingila, ƙuri'a ta ce in je Emirates in kara da Arsenal. Mu huɗu ne a ɗakin, an ɗauke wuta, cajin laftof saura kaɗan, kowa ya zama koci. Bakinsu ɗaya: "Malam, ka tare gida kawai, kada a yi maka cin kaca."

Na bi shawara. Na zuba 'yan baya biyar, na jera huɗu a gabansu, na mayar da saitin ƙungiya can ƙarshen tsaron gida, na ce a fara ɓata lokaci tun daga minti na farko. An tashi 6-0. Sau ɗaya tak muka buga ƙwallo wajen ragarsu, ita ma sama ta yi. Abin da ya fi ciwo ya zo daga baya: gwiwar yaran ta yi sanyi, muka sha kashi a wasanni uku a jere a lig.

Tun daga ranar ra'ayina ya tsaya a wuri ɗaya. In za ka gamu da ƙungiyar da ta fi ƙarfinka a wasan kofi, ka shiga da hanyar da za ka ci ƙwallo, ko da guda ɗaya ce. Wanda ya shiga don kada a ci shi da yawa, yawanci shi ake ci da yawa.

Dalilin yana cikin yadda wasan ke aiki. Idan ka sa saitin da ya fi kowane tsaron gida, yaranka za su koma bakin raga, duk ƙwallon da suka samu su doka ta gaba ba tare da duba kowa ba. Babu mai tare ta a can, sai ta dawo. Haka za a yi ta yi: kwana, firikik, ƙwallo daga nesa, wata kwanar. A minti casa'in dole ɗaya ta shiga, ko ta bugi ƙafar wani ta kauce wa gola. Da an ci ka ɗaya kuma shikenan, shirinka ya ƙare, domin ba ka tanadi komai ba sai kare 0-0. Ga kuma matsalar sabo. Wasan yana auna yadda 'yan wasa suka saba da tsari. Ƙungiyar da ta shekara tana buga 4-4-2, ka wayi gari ka mayar da ita 5-4-1 saura kwana uku wasa, ai ka ba yara jarrabawar kwas ɗin da ba su taɓa shiga ajinsa ba.

Ko a ƙwallon gaske haka take. A wasan ƙarshe na kofin FA na 2013, Wigan ta Roberto Martinez ta ci Manchester City 1-0 a Wembley. Kowa na tuna ƙwallon da Ben Watson ya ci da ka daga kwana ana dab da tashi. Abin da ake mantawa shi ne yadda Callum McManaman ya yini yana kora 'yan bayan City, har Zabaleta ya karɓi jan kati a kansa. A 2015 Bradford City, daga mataki na uku, an ci ta biyu a Stamford Bridge, ta farke ta ci Chelsea ta Mourinho 4-2. A 2017 Lincoln City, wadda ba ta ma cikin manyan rukunoni huɗu na Ingila, ta ci Burnley 1-0 har gida da ƙwallon kwana a minti na 89. Magoya bayan Manchester United kuma ku yi haƙuri, a Agustan 2025 Grimsby ta League Two ta zura muku biyu kafin hutun rabin lokaci a kofin Carabao, aka tashi 2-2, ta fitar da ku a fenareti 12-11. Raina kama ka ga gayya.

Na san abin da wani zai ce: ai a 2018 Wigan ta sake cin City 1-0 da tare gida, kusan ba ta taɓa ƙwallo ba. Gaskiya ne. Amma an bai wa Delph jan kati kafin hutu, City ta ƙarasa da mutum goma, kuma Will Grigg yana nan a gaba yana jiran kuskure ɗaya. Da kuskuren ya zo akwai mai cin moriyarsa. Ni ma ban ce ka buɗe gida kana matsa wa Arsenal lamba a bakin ragarta ba, wannan ganganci ne. Na ce ka bar wa kanka ƙofa.

To yaya ake barin ƙofar? Ka riƙe tsarin da yaranka suka sani, ka ɗan ja su baya, ka matse tsakiya, saitin ya tsaya a kan taka-tsantsan. Ka bar mai gudu ɗaya ko biyu a gaba, da umarnin da an ƙwace ƙwallo a kai kora. Ka karanta rahoton mai leƙen asirinka: manyan ƙungiyoyi kan hutar da taurari a kofi, wataƙila akwai wani yaro ɗan shekara 18 a baya, ko wani dattijo da gudu ya ƙare masa. Wajensa za ka tura harinka. Satin wasan ka ba da lokaci ga atisayen kwana da firikik, ka sa dogonka inda ƙwallon za ta sauka, domin a nan ne kuɗin ɗan wasa ba ya hana a ci shi da ka. Kafin a fita ka gaya wa yaran babu mai jiran komai daga gare su, su je su more. Canjinka kuma ka ajiye shi zuwa bayan minti na 60, lokacin da 'yan gefe suka fara haki. Ɓata lokaci sai kana gaba.

Akwai masu cewa faɗan da ya fi ƙarfinka ka mai da shi wasa: ka zuba 'yan benci, a fitar da kai, ka fuskanci lig. In kana dab da faɗuwa daga rukuninka, ban ga laifinka ba. Wigan ɗin nan kwana uku bayan ta ɗaga kofi ta faɗo daga Firimiya. Amma in kana tsakiyar tebur, me kake adanawa? A kofin FA ana raba kuɗin ƙofa tsakanin ƙungiyoyin biyu, ga ladan kowane zagaye. Ga ƙaramar ƙungiya, tsallake zagaye ɗaya na iya zama kuɗin ɗan gaban da kake ta roƙon shugabannin kulob su saya maka.

Sai babban zunubin, wanda muka san juna a kai: a ci ka, ka kashe wasan ba tare da ka adana ba, ka sake lodawa. Wani abokin ɗakina sau tara ya maimaita wasa ɗaya da Liverpool kafin ya ci a fenareti, ya fito baranda yana ihu. Har yau babu wanda ya lissafa masa wannan nasarar, shi ma ya daina ba da labarinta. Daɗin kofi duka a nan yake: sau ɗaya ake buga shi.

A kakar da ta biyo baya ƙuri'a ta kawo min Everton gida. Na bi abin da na lissafa muku. Minti na 34 muka ci daga kwana, wallahi sai da ɗakin maƙwabta suka buga mana bango. Suka farke a minti na 71, suka ƙara a 88. An tashi 2-1. Na daɗe ina kallon allon, yatsana a kan madannin fita, sannan na adana wasan. Yaran ba su karaya ba, Asabar ɗin da ta biyo baya muka ci 3-0 a lig.

Wanda bai yarda ba, ɗakinmu a buɗe yake bayan sallar isha'i. Ya zo da laftof ɗinsa da cajarsa, mu ba shi Notts County da Arsenal, ya tare gidan mu gani. Sharaɗi ɗaya ne: babu sake lodawa.