MAI BORIN JINI YANA TAMBAYA, MAI IMANI YA JA BAKI YA YI SHIRU!

Bismillahir Rahmanir Rahim.

A ƙasar Ingila akwai wata al'ada da suke kira shayin la'asar. An ce wata matar basarake mai suna Anna, ta gidan sarautar Bedford, ita ta ƙago ta wajen 1840, saboda yunwar da ke kama ta kafin abincin dare. Yau abin ya zama alamar isa. A otal ɗin Ritz na birnin Landan, wanda aka buɗe a 1906, namiji ba ya zama a teburin shayin sai ya sa kwat ya shaƙe wuyansa da nektayi, kuma a 2024 kuɗin mutum ɗaya ya haura Fam 70. Me ake ci? 'Yan yankakkun burodi masu haɗin ƙwai ko kifi ko nama, da kek iri-iri, da butar shayi, wanda ya ƙara kuɗi a kawo masa giyar shamfen.

To, ba tsadar ce abin dubawa a yau ba. Abin dubawa shi ne halin mutum biyu da ke zama a irin wannan wuri.

Na farko Bature ne mai borin jini, wato wanda jikinsa ba ya karɓar wani abinci, kamar gyaɗa ko riɗi ko madara. Idan ƙwaya ɗaya ta shiga cikinsa maƙogwaro na iya kumbura, numfashi ya ɗauke cikin 'yan mintoci. Wannan mutum tun kafin ya bar gida ya buga waya ya sanar da otal. Da ya zauna zai kira mai kawo abinci ya titsiye shi: me aka zuba a wannan kek? Wuƙar da ta yanka wannan ta taɓa wancan? Allurarsa ta gaggawa tana aljihu. Ba ya jin kunyar kowa, ba kuma mai ce masa baƙauye.

Hukumarsu ma ta tsaya masa. Tun Disamban 2014 doka ta wajabta wa masu sayar da abinci su bayyana abubuwa 14 masu tayar da wannan ciwo, cikinsu har da alkama, ƙwai, kifi, gyaɗa da riɗi. A 2016 wata yarinya 'yar shekara 15, Natasha Ednan-Laperouse, ta sayi burodi a filin jirgin sama na Heathrow, ashe an cuɗa riɗi a ƙullunsa ba a rubuta ba. Ciwon ya tashi a cikin jirgi, aka yi mata allura biyu, amma rai ya yi halinsa. Iyayenta ba su zauna ba sai da aka kafa doka da sunanta, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Oktoban 2021.

Na biyu kuwa matashi ne Musulmi, ɗan boko, da ya samu shiga wurin. A cikin burodin nan akwai mai naman alade. A cikin kayan zaƙin akwai wanda aka daskarar da jelatin, sinadarin da galibi a Turai daga fatar alade ake tatso shi, akwai wanda aka jiƙa da giya. A lura da kyau: alade da giya ba sa cikin jerin nan na 14. Dokar ba don shi aka yi ta ba, in bai tambaya ba babu mai gaya masa. Amma sai ya sunkuyar da kai, ya yi murmushi, ya kai loma, wai kada a ce bai waye ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!

Wane irin ƙasƙanci ne wannan? Wancan yana tsoron mutuwar jiki, ya buɗe baki ya yi magana. Wannan yana da'awar ya yi imani da hisabi, amma idon mai ɗaukar faranti ya fi Wuta ba shi tsoro. Wanne ne mai yaƙini a cikinsu?

Imamul Bukhari ya ruwaito cewa Sayyidina Abubakar (RA) ya ci abincin da yaronsa ya kawo masa, daga baya ya ji ashe ladan duba ne na zamanin jahiliyya. Nan take ya sa yatsa a baki ya amayar da duk abin da ke cikinsa. Haka magabata suka ɗauki loma.

Kada wani ya ce ai shi ba zai taɓa ganin Landan ba. Alewa da biskit da cakulan na waje sun cika shagunan unguwa, samari nawa ne ke juya kwali su karanta abin da aka rubuta? Darasin ɗaya ne. Musulmi ya tambaya kafin ya ci, ya tambaya da ƙarfin murya, in amsa ba ta gamsar ba ya ture faranti ya tashi. Matambayi ba ya ɓata. Wanda kunyar mutane ta hana shi tambaya a duniya, ya sani akwai ranar da shi za a tambaya, kuma ranar babu allurar gaggawa.

Allah Ya tsare cikkunan Musulmi daga haram, amin.