Injin Turbo a Titunan Duwala: Rabin Nagartarsa Yana Hannun Mai Mota

Shekaru da dama, attajirin New Bell da ya tashi sayen babbar mota tambaya ɗaya yake yi: wane kamfani ne ya ƙera ta? Idan aka ce Toyota ce ko Mercedes, magana ta ƙare. Wannan amana tana da tushe. Tsofaffin injuna irin na Peugeot 504 da na Land Cruiser mai silinda shida sun daɗe suna jigilar goro da atamfa da fasinja daga Duwala zuwa Ngaundere da Garwa, suna shan duk man da aka samu a hanya, kuma bakanike mai sifana da kunne mai ji yana iya tayar da su a gefen titi. Injin motar alfarma ta yau halinsa dabam ne, ko da tambarin da ke goshinta bai sauya ba. Kamfani ya yi nasa rabin aikin a masana'anta. Ragowar rabin, wato baƙin mai da fetur da hannun da ke taɓa injin, yana wuyan wanda ya saya.

Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya san turbo tun kafin ya ji sunansa. Wuta ba ta narkar da ƙarfe sai an zuga ta, kuma aikin zugazugi ke nan. Haka inji yake: ƙarfinsa yana bin yawan iskar da ta shiga silinda ta haɗu da mai. Turbo fankoki biyu ne a kan sanda guda. Hayaƙin da ke fita daga inji yana juya ta farko, ita kuma ta juya ta biyu, wadda ke danna iska cikin silinda fiye da yadda injin zai iya zuƙa da kansa. Da wannan dabara ƙaramin inji ke yin aikin babba.

Lexus misali ne da kowa ya sani a birnin. LX 570 tana da inji mai silinda takwas, lita 5.7, mai ƙarfin doki 383. Wadda ta gaje ta a ƙarshen 2021, LX 600, silinda shida gare ta, lita 3.5 a rubuce, da turbo biyu, amma ƙarfinta doki 409 ne. Irin wannan injin ne kuma a cikin Land Cruiser 300 mai shan fetur. An rage silinda biyu da fiye da lita biyu, ƙarfi kuma ya ƙaru. Abin burgewa ne, sai dai ƙarin yana da farashi. Sandar turbo tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, hayaƙin da ke kaɗa ta kuma yana iya kai zafin digiri 900. Abin da ya raba wannan sanda da mazauninta wani siririn shafi ne na baƙin mai, wanda bai kai kaurin gashi ba. Idan man ya tsufa, ko ya ɗauki datti, ko ya yi jinkirin isowa da safe, ƙarfe zai ci ƙarfe.

Kamfanonin da kansu sun sha tuntuɓe a nan. A 2008 BMW ya fitar da injin N63, silinda takwas, lita 4.4, ya cusa turbo biyun a kwarin da ke tsakanin layukan silinda. Zafin da ya taru a wurin ya jawo shan baƙin mai da lalacewar sassa, har a 2014 kamfanin ya kira motocin a Amurka don gyara, ya kuma rage tazarar sauya mai daga mil 15,000 zuwa 10,000. A watan Mayun 2024 Toyota ya yi kiranye ga motoci kusan 102,000 a Amurka, Tundra da LX 600, saboda ɓurɓushin ƙarfe da aka bari cikin inji tun daga masana'anta. Daga baya ya yanke shawarar sauya injunan ɗungurungum. Wannan labari ya shafi New Bell kai tsaye. Motoci da yawa suna shigowa ta tashar jiragen ruwan Duwala ne ta hannun dillalai, daga Beljiyam ko Dubai ko gwanjon Amurka, ba ta hannun wakilin kamfani ba. Wasiƙar kiranye ba ta bin mota ta ƙetare teku. Mai saye ne zai ɗauki lambar jikin motar, mai harafi da alƙalami 17, ya bincika tarihinta kafin ya ƙirga kuɗi.

Sannan ga Duwala kanta. Littafin da ke zuwa da mota yakan raba tuƙi gida biyu, na yau da kullum da mai tsanani, kuma duk abin da ya lissafa a ƙarƙashin na biyun shi ne abincin yau da gobe a wannan birni. Motar da ta kwashe awa guda a cunkoson Ndokoti, ko tana rarrafe tsakanin 'yan babur a bakin Kasuwar Kongo da na'urar sanyi a kunne, injinta yana aiki, manta yana dahuwa, amma agogon kilomita da ƙyar yake motsi. Wanda ke jiran kilomita 10,000 ta cika kafin ya sauya mai, ya ƙirga tafiya ya manta da tsayuwa. Ruwan sama a birnin ya haura milimita 3,500 a shekara, Yuli da Agusta kuma kwatoci kan cika su malalo kan titi. Ruwa ba ya dannuwa kamar iska. Kofi guda da ya shiga ta bakin matatar iska ya isa ya lanƙwasa sandar fistan. Idan kuma motar ta nufi arewa da rani, ƙurar hunturu ce ke jiran matatar.

Fetur ma haka. Tun gobarar matatar SONARA ta Limbe a watan Mayun 2019, Kamaru tana dogaro da tataccen man da ake shigowa da shi daga waje. Litar fetur ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a Fabrairun 2023, ta kai 840 a Fabrairun 2024. Tsada tana tura direba wajen man kwalba na bakin hanya, wanda a arewacin ƙasar ake kira zuwa-zuwa. Tsohon inji mai kafireto yakan haɗiye shi ya yi tari ya wuce. Sabon inji yana fesa mai ta ƙofofi masu ƙanƙanta ƙwarai, da matsi mai tsanani, kuma fetur da aka tsarma da ruwa ko kananzir yana toshe su, ko ya sa wuta ta tashi cikin silinda kafin lokacinta. Araha ba ta ado.

Akwai wata tsohuwar fahimta da ta kamata a ajiye. Bakaniken Kano yana cewa a yi wa mota juye, na Duwala, da Faransanci a kunnensa, yana cewa vidanj. Amma dukansu biyu sukan yarda cewa ƙasa mai zafi sai mai kauri. Wannan ya dace da tsohuwar tasi da sassanta suka saki, mai shan 20W-50. Injin zamani an ƙera shi da matsattsun hanyoyi, don mai tsinke irin 0W-20 ko 5W-30, kuma mai kauri yana makara kafin ya isa turbo a daidai daƙiƙun da aka fi bukatarsa. Abin da kamfani ya rubuta shi ne abin bi, daga gwangwani mai hatimi, tare da sabuwar matata kowane juye.

Wasu za su ce, to me ya kai mutum? A tsaya ga tsohon silinda takwas, a huta. Ga mai yawan bin hanyar Marwa da Kuseri, inda gareji mai kayan aiki ke da nisa, wannan shawara tana da hujja. Amma ba za ta daɗe ba. Dokokin rage hayaƙi a Turai da Amurka sun tura kamfanoni ga ƙananan injuna masu turbo, kuma sabuwar motar can ta bana ita ce gwanjon Duwala nan da shekara takwas. Tsofaffin suna ƙarewa, kayan gyaransu a Camp Yabassi ma na kwance ne daga wasu tsofaffin. Turbo ya riga ya iso. Abin da ya rage shi ne shirin karɓarsa.

Shirin nan a gareji yake farawa. Motar yau kwamfuta ce ke sarrafa ta, tana kuma ajiye bayanin cutarta a ciki. Sai mai na'urar karanta shi ne zai san gaskiya. Inda babu na'ura, lalube ake yi: a sauya wannan, a yanke waccan waya, a kashe fitilar gargaɗi don ran alhaji ya yi sanyi. Yaran unguwa da ake kai wa koyon kanikanci suna da basira da juriya. Karatun lantarki da kayan aiki ne suka gaza musu. Attajiran da suka haɗa hannu suka gina masallatai da makarantun Islamiyya a New Bell suna da ikon ɗaukar nauyin matasa goma su koyi wannan fanni, su kuma saya musu na'urori. Ribar za ta dawo cikin motocinsu, ta kuma zama sana'a ga 'ya'yansu.

Kafin a kai can, akwai abin da kowane mai mota zai iya tun gobe. Ya gajarta tazarar juye, ya rubuta rana da kilomita. Ya sha mai a gidan mai da ya sani. Kada direba ya taka totur da ƙarfi inji yana sanyi, kuma bayan doguwar tafiya ya bar shi ya numfasa minti ɗaya ko biyu kafin ya kashe. Idan ruwa ya rufe titi, ya jira. Idan fitila ta kama, a kai wa mai na'ura a ranar. Wanda ya ga waɗannan sun yi masa yawa, ya sayi motar da ta dace da haƙurinsa, don gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.