Ba Kowane Jiri Ne Laulayi Ba

Da zarar mai juna biyu ta ce tana ganin jiri, amsa a gidajenmu a shirye take: laulayi ne, zai wuce. Sau da yawa haka ɗin ne. Jijiyoyinta kan saki, jini ya yi ƙasa, sai ta miƙe zumbur ko ta daɗe a tsaye da yunwa, duhu ya rufe mata ido. Idan ciki ya tsufa, kwanciya rigingine kan sa mahaifa ta danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya. Juyawa gefen hagu ya wadatar. Ga kuma ƙarancin jini, wanda zazzaɓin cizon sauro ke ƙara tsanantawa.

Inda nake so mai karatu ya dakata shi ne batun ido. Bayan mako 20, macen da ke gani dishi-dishi ko walƙiya-walƙiya, ga ciwon kai mai naci, fuska da hannaye sun kumbura, a kai ta awo a ranar. Jinin da ya kai 140/90, haɗe da furotin a fitsari, shi ne share fagen jijjiga, wadda wasu ke kira taune-taune.

Abin takaici, a nan ne muke cewa iska ce, a tura cokali a baki, a turnuƙe ɗaki da hayaƙi, alhali allurar maganiziyam salfet na asibiti. Haihuwa ma ba ta rufe babin: jijjiga kan kama mai jego kwanaki bayan ta sauka, ana tsaka da shirin suna.